Mai cewa "pipty" a madadin "fifty", a hana shi aiki?

Barista: Salamu alaikum jama'a. Jiya na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki. Wani yaro, takardunsa na akanta ba inda za ka kushe, amma yana buɗe baki sai "pipty". Na ce a ajiye shi. Ni dai a wurina, wanda bai iya Turanci daidai ba kada ya zauna gaban kwastoma.

Injiniya: Haba Barista! Daidai na wa? Bahaushe sauti ɗaya gare shi a inda Bature ke da f da p, shi ya sa harshen ke zamewa. Ɗan Glasgow da ɗan Landan ma ba bakinsu ɗaya ba, kuma duk Turawa ne. Kuɗi zai lissafa maka ko labarai zai karanta?

Malam: Ku raba abu biyu, lafazi daban, nahawu daban. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare. Takardar furuci ta WAEC da fensir ake amsa ta, yaro ya zaɓi A ko B ko C ko D, babu mai buɗe baki. Sautukan Ingila ake tambayarsa, waɗanda wani lokaci malaminsa ma bai taɓa ji daga bakin mai harshen ba. A nan ina tare da Injiniya. Amma rubutu, a'a. Wasiƙar ofis da ba a gane wa ya biya wa, asara ce.

Hajiya: Malam, ku kuna maganar baki. Ƙanwata ta ci Kemistiri da Bayoloji da Lissafi, Turanci ya zo D7. Ba C6, ba jami'a. Ta sake zama, bai fito ba, Baba ya ce kuɗin ya isa haka. Yanzu tana ɗakinta, ita ke karanta wa matan unguwa takardar asibiti ta fassara musu.

Barista: Allah ya ba ta lada, Hajiya. Amma Tafawa Ɓalewa ɗan Bauchi ne, Turancinsa Turawa kansu sun sara masa. Mu daina fakewa da harshen uwa.

Injiniya: Kwalejin Katsina ya yi, ɗalibai 'yan ƙalilan, Turawa na koyarwa. Kai ka leƙa ajin firamare na gwamnati yau, yara a ƙasa har bakin ƙofa. Kuma Turancin da kake karewa ya motsa. A 2020 ƙamus ɗin Oxford ya karɓi okada da danfo da Kannywood, har da "next tomorrow" da aka zane mu a kansa. Daga baya suya ma ta shiga.

Malam: Ƙamus yana rubuta abin da mutane ke faɗa ne, ba shi ke makin jarrabawa ba. Ni dai ba zan ce wa ɗalibina ya rubuta hakan a WAEC ba.

Auta: Yayye, ni abin da ke ba ni haushi mu ne. Mutum ya yi tuntuɓe da Turanci a Facebook, mu yi masa ca, har a ɗauki hoton rubutun ana yawo da shi. Amma ya haɗa kalmomin Hausa wuri guda ba ƙugiya ba rabewa, ko tari ba mai yi.

Malam: Ni ina yi, Auta. Naki saƙonnin ma na ajiye su, ki neme ni bayan La'asar.