Dan Allah ’yan famasi ku zo ku warware min maganar aspirin

Ɗan Ƙofar Soro: Assalamu alaikum. Ni ɗan aji biyu ne a famasi, na dawo gida Katsina hutu amma wlh ko abinci ba na jin daɗinsa. Baba ne ya dage sai na karanci harkar magani tunda yayata ta yi nas, kawunmu mai shago a kasuwa shi ke biyan rijista kuma ya gama gaya wa mutanen layi cewa ɗansu zai buɗe famasi, to da wane baki zan ce mishi akwai kwas ɗin da zan maimaita? Ga tambayar da ta kada ni: a ina jiki ya fi tsotse aspirin, a tumbi ko a ƙaramin hanji? Aspirin asid ne mai rauni, pKa ɗinsa (lambar da ke nuna ƙarfin asid) wajen 3.5. A tumbi in pH (ma’aunin tsami) 1.5 ne, lissafin Henderson-Hasselbalch, wanda ke haɗa pH da pKa, ya nuna ɓangaren maganin mara cajin lantarki ya ninka mai caji sau 100, kuma mara cajin ne ke ratsa kitsen da ke bangon hanji da tumbi. A ƙaramin hanji in pH 6.5 ne mai caji ya ninka sau 1000. Na rubuta tumbi ne ya fi tsotse shi, aka soke. Ta yaya?

Famasis Bakin Kasuwa: Ƙanena lissafinka daidai ne amma lissafi kaɗai ka kalla. Koma kan dokar Fick ta yadda abu ke ratsa bango, faɗin wuri na cikin lissafin. Ƙaramin hanji cike yake da ninke-ninke da ’yan tsirai kamar gashin tawul, faɗinsa ya ninka na tumbi nesa ba kusa ba, ga jini na gudu yana kwashe duk abin da ya shiga. Ɗan mara cajin nan da ya ratsa, sai wani mai caji ya juye ya maye gurbinsa, haka har ya ƙare. Kuma a ruwan tumbi aspirin ba ya narkewa sosai, abin da bai narke ba kuwa ba ya shiga jini. Karanta lissafin Noyes-Whitney, tun 1897 aka yi bayanin narkewa.

Mai Kemis Daura: Ni duk wannan ba shi ke damuna ba. Mutum ya sayi tetracycline in ce mishi kar ka sha da nono, kalsiyam na kama shi ya hana shi shiga jiki, yana fita ya tsaya wajen mai hura ya kora da kindirmo, gobe ya dawo yana min faɗa wai maganina jabu ne.

Ummu Hanan: Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka haddace kawai ɗana. Nawa yaron haka wani malami ya riƙe shi saboda bai sayi handaut ba, har yau abin na ci min rai.

Famasis Bakin Kasuwa: Hajiya a yi haƙuri, hadda ba ta kai mutum a wannan kwas. Gobe a canja mishi da magani mai alkali, wato kishiyar asid, shi kenan ya ruɗe. Kuma gaba zai haɗu da rabon BCS, wato yadda aka kasa magunguna gida 4 bisa narkewa da ratsawa, a nan zai gane dalilin da ya sa ake cewa a ci abu mai maiƙo in za a sha maganin maleriya artemether da lumefantrine.

Ɗan Ƙofar Soro: Yaya na gode, amma a handaut ɗinmu an rubuta asid mai rauni ana tsotse shi a tumbi, abin da aka koya mana na bayar.

Famasis Bakin Kasuwa: Ana tsotsa a tumbi daban, ya fi tsotsuwa a tumbi daban. Ka sayi littafi ka bar handaut.

Ɗan Ƙofar Soro: Kuɗin littafin fa wajen kawu zan tambaya, kuma shi bai san komai ba tukuna.

Ummu Hanan: Kar ka gaya mishi sai ka ci.

Mai Kemis Daura: A’a Hajiya, in ya ji a bakin wani fa?