Abin da tsofaffin makaɗa suka faɗa wa mai tasowa

Da tsofaffin makaɗa suka tattauna kan wani yaron da ya taso da son ganguna har ya fara bin ƙananan ƙungiyoyin kiɗa, maganar da ta fi jan lokaci ita ce ta kunne. Ƙarar da ta haura disibel 85 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana lalata ji idan aka daɗe cikinta, saitin ganguna kuwa yakan wuce 100. Jin da ya tafi ba ya dawowa, shi ya sa nake ganin abin toshe kunne ya kamata ya zama sayayyar farko, tun kafin sandunan kiɗa masu tsada.

Sai batun riƙe lokaci. Sun ce a yi atisaye da metironom, wato na'urar da ke bugawa daidai-daidai don riƙe lokacin kiɗa, a fara a hankali, domin ƙungiya za ta yafe wa makaɗin da ba shi da ƙwalisa, amma wanda yake gudu ya bar mawaƙi a baya ba a sake kiransa. A kasa kunne ga mai jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, da shi ake ɗaure waƙa.

Ya kamata mai ganguna ya riga kowa isa wurin wasa, tunda haɗa kayansa ya fi cin lokaci. Maganar kuɗi kuma a gama ta kafin a hau dandamali.