Neman kalmar Hausa: troy ounce, "tare" da thumb on the scale

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Labaran kasuwa kullum suna kawo farashin zinariya a kan troy ounce, mu kuma sai mu rubuta "oza" kawai. Ya isa haka? Sannan me za a kira kalmar Turanci "tare" ta awon kaya, da karin maganar nan ta thumb on the scale, wato ɗora babban yatsa a kan sikeli?

Maƙerin Zinariya: Wa alaikumus salam. Malam, "oza" tsurarta ba ta isa ba, domin oza iri biyu ce a wurin Turawa. Wadda ake auna kayan masarufi da ita giram 28.35 ce, guda 16 ke yin laba ɗaya, wato giram 453.6. Ta zinariya da azurfa kuwa giram 31.1 ce, kuma 12 ke yin labarta, giram 373 da ɗan ɗoriya. Shi ya sa ozar zinariya ta fi ozar auduga nauyi, amma labar auduga ta fi labar zinariya. Ingila ta soke labar troy da dokar awo ta 1878, ta bar ozar, kuma da ita ake yanka farashi a kasuwar Landan har gobe. Sunan ana danganta shi da garin Troyes na Faransa, inda fatake ke cin babbar kasuwa a zamanin da.

Ga inda ake yin ɓarna: kilo ɗaya na zinariya oza 32.15 ce. Wanda ya raba da 28.35 zai samu 35.27, ya ƙara wa kayan kuɗi kusan kashi goma cikin ɗari da babu su. Shawarata "ozar zinariya" da "ozar kasuwa".

Hajiya Mai Awo: Me zai hana a ce miskali, tunda da shi aka san awon zinariya a ƙasar Hausa tun zamanin fataucin Sahara?

Maƙerin Zinariya: Hajiya, miskali giram huɗu da kwata ne, oza ɗaya ta zinariya ta haura miskali bakwai. In aka haɗa su, lissafin zakka ma sai ya rikice, tunda nisabin zinariya miskali 20 ne, wajen giram 85. Kowanne ya riƙe sunansa.

Malamin Sikeli: Na yarda da "ozar zinariya", ko da azurfa ake magana a bar shi haka, a faɗi giram ɗin a karon farko. Kan "tare" kuwa, abu uku ne ke tafiya tare. Gross shi ne kaya haɗe da abin da aka zuba su ciki. "Tare" shi ne nauyin buhun ko kwanon ko motar kaɗai. Net abin da ya rage. A sikelin mota, a auna ta da lodi, a sauke, a sake auna ta wayam, a ɗebe na biyu daga na farko. Dole yanayin ya zama ɗaya: in direba yana ciki a awon farko ya sauka a na biyu, ko an sha mai a tsakani, lissafin ya ɓaci. A ƙaramin sikeli na lantarki, a ɗora kwano, a danna maɓallin ya koma sifili, sannan a zuba kaya. Ina ba da "nauyi da mazubi", "nauyin mazubi", da "zallar nauyi".

Hajiya Mai Awo: Mota mazubi ce, Malam?

Malamin Sikeli: A nan sai a ce "nauyin mota wayam". Ma'anar ɗaya ce.

Mai Fassara: Saura babban yatsa a kan sikeli. Ni "tauye mudu" na yi niyya.

Hajiya Mai Awo: In mahauci ne ya danna sikeli da yatsa don nama ya yi nauyin da ba nasa ba, tauye mudu ne sak, mai saye ya biya laba ya tafi da ƙasa da laba. Amma Turawa sun fi amfani da karin maganar ga alƙali ko hukuma da ke taimakon ɓangare ɗaya a ɓoye. A nan ba wanda aka rage wa awo. "Karkata mizani" ya fi dacewa, ko a ce ya ɗaure wa wane gindi in goyon bayan ya fito fili.

Malamin Sikeli: Haka ne. Kuma don Allah kada a fassara stone da "dutse": laba 14 ce, kilo 6.35, Ingilishi na faɗin nauyin jikinsu da ita. Hundredweight ma ba ɗari ba ce a Ingila, laba 112 ce, a Amurka ne take 100. A mayar da su kilo kawai.

Mai Fassara: Na gode. To long ton da short ton fa, "dogon tan" da "gajeren tan" za su shiga kunne, ko "tan na Ingila" da "tan na Amurka"?