Abin da aka tattauna kan dukiyar wanda ba shi da magaji na kusa

1. Kowa ya yarda: kuɗin jana'iza ne farko, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado.
2. A rubuta wasiyya gaban shaidu biyu adalai, a naɗa wasiyyi amintacce, wato wanda zai zartar da ita.
3. Sunan da ka cike a banki a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji. Nan mutane suka fi ruɗewa.
4. Inda aka rabu: Malikiyya sun tsaya a kan wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, saura na baitulmali idan babu ko ɗan baffa. Hanafiyya sun halatta wasiyya da dukiyar duka idan babu magaji ko ɗaya.
5. Kyauta a yi ta da lafiya, a danƙa a hannu. Mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, ta ɓaci.