Muhawara: Idan Ka Ajiye Fayil na Asali, Za Ka Iya Sauya Manhajar ECU da Kanka?

Kabiru: Jama'a, ni a ganina masu sana'ar sauya manhajar ECU, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa injin mota, tsoratar da mutane kawai suke yi don kasuwarsu. Tun 1996 motocin Amurka ke fitowa da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta yi magana da ƙwaƙwalwar mota, Turai ma ta biyo baya. Ka sayi na'ura, ka karanto fayil na asali ka ajiye, ka loda wanda aka ƙara wa ƙarfi. In bai yi maka ba, ka mayar da na da. Ina haɗarin yake?

Malam Habu mai wuta: Malam Kabiru, haɗarin farko yana cikin "ka mayar da na da" ɗin nan. Na'urar sai ta fara goge abin da ke cikin ECU kafin ta rubuta sabo. Tsakanin gogewa da gama rubutu akwai mintuna da ƙwaƙwalwar ba ta da cikakkiyar manhaja. A daidai lokacin makulli yana kunne, inji a kashe, ba caji. Wasu motocin fankar lagireto tashi take yi da ƙarfinta da zarar ECU ya shiga yanayin rubutu, ga famfon mai, ga sauran na'urori a farke. Mota za ta iya jan amfiya 20 zuwa 30 ko fiye. Batir mai rauni ya faɗo ƙasa da bolt 12, rubutu ya tsinke, shi ke nan. Dashbod zai kawo wuta amma inji ba zai tashi ba, kuma ECU ba zai ƙara amsa maka ta OBD ba. Fayil ɗinka na nan lafiya a kwamfuta, hanyar shigar da shi ce ta toshe. Sai an ciro ECU, sau da yawa a ɓamɓare murfinsa da aka liƙe da gam, a jona wayoyi kai tsaye kan allonsa. A wajen ɓamɓarewar ma sukundireba kan zame ta kankare allon.

Kabiru: To ai wannan maganarsa caja ce, Malam. A jona caja a huta.

Malam Habu mai wuta: Ba cajar batir ta gida ba. Ita wutarta hawa da sauka take yi, kuma ba ta kai amfiyar da ake so. Na'urar daidaita wuta ake buƙata, wadda za ta riƙe bolt 13.5 ko kusa, ta iya ba da amfiya 50 zuwa 70 ba ta girgiza ba. A kashe fitilu, AC da rediyo, kar a buɗe ƙofa ana cikin aiki, a hana kwamfutar barci ko sabunta kanta.

Injiniya Maryam: Ko wuta ta zauna daram, da saura. Da yawa daga cikin sababbin ECU ba sa yarda a karanto su ta OBD. Abin da na'ura irin KESS ke yi shi ne ta karanta lambar manhajarka, ta sauko maka da fayil mai wannan lambar daga rumbun kamfanin. Idan mai motar na baya ya taɓa sauya wani abu, abin da ka ajiye ba shi ne ke cikin motarka ba. Na biyu, karatun OBD galibi sashen lissafin mai da iska kawai yake ɗaukowa. Bayanan makullin tsaro da lambobin nozul suna cikin EEPROM, wani ƙaramin ma'ajin bayanai a cikin ECU, sai an jona ECU kai tsaye a kan tebur an yi cikakken karatu ake samunsu. In ECU ya mutu ba ka da wannan, ko ka sayo wani ba zai tayar da motar ba sai an sake haɗa shi da makulli.

Sannan akwai lambar tantancewa. ECU yana lissafa jimillar abin da ke cikin fayil ya gwada da lambar da aka ajiye. Ka sauya ko adadi ɗaya ba ka gyara ta ba, zai ƙi fayil ɗin. ECU na kamfanin Bosch irin EDC17 da MED17 masu guntun sarrafawa na Tricore sun ƙara da kariya daga taɓawa. Na'urorin jabu da tsohuwar manhaja nan suke yawan kashe ECU.

Oga Sunusi: Ni zan ɗan tare wa Kabiru faɗa. Haɗarin lodawa ana zuzuta shi. Da na'ura ta gaske, da wuta mai kyau, a tsohon ECU irin EDC15 ko ME7, aiki ne da mai natsuwa zai yi. Inda na rabu da shi daban ne: fayil na asali manhaja yake dawowa da ita, ba ya dawo da fistan da ya narke.

Ɗauki injin fetur mai turbo. A tafiya ta yau da kullum iska 14.7 ce ga mai 1, wato lamda 1. In aka take totur har ƙasa turbo na hurawa, ana so cakuɗin ya yi kauri, lamda wajen 0.78 zuwa 0.85, domin rarar man ce ke sanyaya silinda. Wanda ya ƙara hurin turbo bai duba ko famfo da nozul za su iya ciyar da shi ba, cakuɗin zai tsinke a saman gudu, zafi ya hau. Haɗa da tartsatsin fulogi da aka matso da shi gaba don mai mai oktan 98 (awon juriyar fetur ga fashewa da kansa), kai kuma 91 ne a tankinka. Man zai riƙa fashewa da kansa, yana dukan fistan. Abin da ke fara karyewa shi ne bakin fistan tsakanin ringi na ɗaya da na biyu. Kuma kunne ba ya jin wannan in inji na ihu.

Kabiru: Amma Oga, ai akwai sensar ƙwanƙwasa mai jin wannan dukan. Da ta ji, ECU zai ja tartsatsin baya.

Injiniya Maryam: Zai ja, amma bayan dukan ya riga ya faru, kuma akwai iyakar digirin da zai iya ja. Matsalar ma ita ce fayilolin da ake saukowa kyauta ko a tsinta cikin tarin faifai. Mai su yana so ka ji ƙarfi nan take, sai ya ɗage iyakar ƙarfin juyi, ya ɗage kariyar zafin salansa, wani har ya goge lambobin kuskure don kar fitilar inji ta kama. Masu gadin da kake dogara da su an riga an sallame su.

Injiniya Bashir: A dizal labarin zafi ne da hayaƙi. Hanya mafi sauƙi ta ƙara ƙarfi ita ce tsawaita feshin mai. Feshin ya yi tsawo, man na ci gaba da ci bayan fistan ya sauka, zafin hayaƙi kafin turbo ya zarce digiri 800 ya zauna can, fukafukan turbo da kan fistan su ji jiki. Baƙin hayaƙin kuma yana toshe DPF, wato matatar da ke tare baƙin hayaƙi a salansa, ta riƙa yawan ƙona kanta, dizal na gangarawa cikin man inji yana tsinka shi. Duba sandar awon mai: in yana ƙaruwa maimakon raguwa, alamar ke nan.

Kar a manta da giya. Giyar otomatik ta Volkswagen, DSG mai giya 7 da busasshen kuloci, DQ200, an ƙayyade ta a ƙarfin juyi Nm 250. Inji ya wuce nan ba a taɓa manhajar giyar ba, kuloci zai fara zamewa. A mai giyar hannu, ƙarfin da aka tara a ƙasa da juyi 2,000 a minti shi ke kashe fulawil mai gida biyu.

Oga Sunusi: Shi ya sa ni sharaɗina awo ne. Kafin a taɓa komai a gwada matsin silinda, a nemi yoyon iska a bututun turbo, a sa sababbin fulogi. A ɗauki bayanai da manhajar asali: giya ta uku ko ta huɗu, daga juyi 2,000 zuwa kusa da jan layin agogon juyin inji, a kan na'urar gwajin ƙarfi, ba a titi cikin jama'a ba. A rubuta hurin da ECU ya nema da wanda ya samu, matsin mai da aka nema da na zahiri, lamda, zafin iskar shiga, da digirin da aka ja a kowace silinda. A loda sabon fayil a maimaita. Matsin mai ya faɗi ƙasa da abin da aka nema, ko silinda ɗaya na ta ja baya, a ɗaga ƙafa. Wanda ya iya karanta waɗannan, ni ban hana shi ba. Mai inji marar turbo kuwa ya ma haƙura, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Malam Habu mai wuta: Ni dai ban yarda a sabuwar mota ba, Oga, ko ya iya karatun. Mayar da fayil na asali ba ya share sawu. ECU da yawa na ƙirga sau nawa aka rubuta su, kuma kwamfutar dillalan Volkswagen da Audi tana liƙa wa motar da aka taɓa alamar TD1, garantin inji da giya ya shiga matsala. A Ingila in ba ka sanar da kamfanin inshora ba za su iya ƙin biya, a Jamus kuma takardar izinin hawa titi na iya faɗuwa in ba a yi rajistar sauyin ba.

Kabiru: Maganar wuta da EEPROM na karɓa. Amma a motar da garantinta ya ƙare, da fayil daga ƙwararre wanda zai duba bayanan da na aika masa, har yanzu ban ga dalilin da zai hana ni lodawa da hannuna ba.

Injiniya Maryam: Wannan ai ba ita ce maganar da ka fara da ita ba, Malam Kabiru. A haka ƙwararren ne ya yi aikin, kai maɓalli ka danna. Kafin ka danna ɗin ma, tura masa lambar ECU da lambar manhaja kamar yadda na'ura ta karanto su, ba sunan mota da shekararta kawai ba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da nozul ko turbo daban.