Shawarwari ga mai nazarin yadda aka mulki Legas zamanin Turawa

Da muka tattauna kan inda ya kamata mai nazarin ya fara, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da 1861, shekarar da Ingila ta karɓi Legas daga hannun Sarki Dosunmu. Wasu suka ce a daɗe a kan tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922. A ƙarƙashin wannan tsarin, kujeru uku kacal Legas ta zaɓa a majalisar dokokin Nijeriya, Kalaba ɗaya, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara ke jefa ƙuri'a. Jam'iyyar ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay ta lashe ukun a 1923.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni: majalisar ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ke yi mata doka shi kaɗai. Don takardun asali, a je gidan adana tarihi na Ibadan.