Lambobin cututtuka suna canzawa, ta yaya za a bi sawunsu?

Mai Ƙididdiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan rumbun bayanan asibiti ya tara bayanan shekara goma da lambobin ICD-10 (tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na bai wa kowace cuta lamba), ana kuma shirin komawa sabon tsarin, wato ICD-11, ta yaya za a bambance cuta ce ta ragu ko lamba ce kawai aka canza?

Dattijon Rakod: Wa alaikumus salam. Malam, ai tun kafin ICD-11 matsalar tana nan. A bugun 2016 na ICD-10, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire A90 da A91 na zazzaɓin dengue, ta kawo A97. Wanda rahotonsa ke ƙirga tsofaffin lambobin kaɗai zai ga cutar ta ɓace ɓat, alhali masu ita na kwance a gadon asibiti. Haka a Amurka, a Oktoban 2021 aka raba M54.5 ta ciwon ƙugu gida uku: M54.50, M54.51 da M54.59.

Don haka kowane layi a rumbun bayanan ya ɗauki abu huɗu: sunan tsarin, bugunsa, lambar, da sunan cutar yadda yake a ranar da aka rubuta. Kuma kada a kuskura a goge tsohuwar lamba. A buɗe wa sabuwar gurbi a gefenta.

Hajiya Mai Lamba: Gaskiya ne, Baba. Sai dai a kula da rahoton da ake haɗawa babi-babi. Shanyewar ɓarin jiki tana babin jijiyoyin jini a ICD-10, cikin I60 zuwa I69, amma ICD-11, wanda ya fara aiki 1 ga Janairun 2022, ya mai da ita babin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Babi ɗaya zai faɗi, ɗaya ya haura, ba tare da komai ya canza ga majinyata ba. A ɗauki bayanan shekara guda a ƙirga su da tsarin biyu, tazarar za ta fito.

Ɗan Manhaja: Masu amfani da SNOMED CT, wani tsarin lambobin bayanan lafiya na daban, sun fi samun sauƙi, don ba a share lamba, ba a sake bai wa wata cuta ita. Kashe ta ake yi, a saka ranar. Ku sauke fayil ɗin SNOMED da ake kira Full, shi ke ɗauke da tarihin, wanda ake kira Snapshot kuwa halin yau kawai yake nunawa. Inda aka rubuta wa lambar da aka kashe SAME AS (daidai take da wata) ko REPLACED BY (an maye gurbinta da wata), kwamfuta na iya sauya ta da sabuwar. Inda aka ce POSSIBLY EQUIVALENT TO (wataƙila daidai take da wata) kuwa, sai likita ya duba fayil ɗin majinyaci.